Maraya Mai Uba

Ranar da Gus ya sanar wa duniya cewa Wendell Friesen ya ɓace, Wendell ɗin yana zaune a kicin ɗina yana cinye min burodin kirfa, karensa kuma ya miƙe abinsa a kan takalmana.

Gus ba mutum ba ne. Inji ne, shi ke gina mana ƙunshe-ƙunshen manhaja na Muskeg, wato tsarin tafiyar da kwamfuta, Linux ɗinmu na 'yan sa-kai da muka fara a nan Winnipeg tun kaina bai san furfura ba. Kowa da ƙunshin da yake kula da shi. Ka gyara naka ka miƙa wa Gus, ya ɗauka ya gina. In ya ginu sunanka ya yi kore a allo, in ya rushe ya yi ja, kowa ya gani ya yi maka tsiya. Nawa shi ne mai matse fayil da kwance shi. Ba wanda ya taɓa yaba min a kansa, amma kusan komai na Muskeg a kansa yake zaune. Na Wendell kuwa shi ne mai karanta wa makafi abin da ke kan allo. Shi kansa makaho ne tun yarinta, don haka da ƙunshin nasa yake gyaran ƙunshin nasa.

Da kaka ne Corbin Lavallee ya sake rubuta Gus daga tushe. Ba zan ci haƙƙinsa ba, aiki ne mai kyau, kuma yana da dalili. Bara wani ɗan damfara ya yi shigar wani ɗan'uwanmu da ya daɗe da barin aiki, saura ƙiris ya cusa mana mugun abu. Sai Corbin ya kafa doka: duk hunturu Gus zai tambayi kowa ko yana nan. Za ka shiga wani shafi, ka ja guntun hoto ka sa shi a gurbinsa, don a tabbatar kai mutum ne. Wanda bai amsa ba, a rubuta ba a same shi ba, ƙunshinsa ya zama maraya. Marayan da ba wanda ya ɗauki riƙonsa kuwa, Gus zai jefar da shi daga sabon zubin da muke fitarwa farkon bazara.

Na karanta sanarwar a wayata, na sake karantawa.

Na ce, "Wendell, ka san an ce ka ɓata?"

Ya ce, "Na ji labari. In kin gan ni ki gaishe ni."

"Ba wasa nake ba, tsoho. Me ya sa ba ka amsa masa ba?"

"Na je amsawa mana. Ya ce in ja hoto in sa a gurbinsa. Na ce wane hoto? Shiru. Na laluba ko'ina, babu ƙofar da aka bar wa irina. Daga ƙarshe ya ce ya kasa tabbatar da cewa ni mutum ne." Ya kurɓi kofi. "Matata ta farko ma haka ta ce, amma ita sai da ta zauna da ni tukuna."

Ban yi dariya ba. Na tambaye shi ko ya sanar da Corbin. Ya ce tuni, kuma Corbin ya ba shi haƙuri sosai, ya ce zai gyara bayan an fitar da sabon zubi.

Na jawo kwamfutata na ce, "To kawo kalmar sirrinka. Yanzu zan ja maka banzan hoton nan, magana ta ƙare."

Ya ajiye kofin a hankali. "Doreen, kin sha riƙe min hannu a kan ƙanƙara, ban taɓa cewa uffan ba, don ƙanƙara ba wanda ya zauna ya rubuta ta. Wannan kuwa mu muka rubuta. Kin ja min bana, baɗi wa zai ja min? Makauniyar yarinyar nan ta garin Regina da ke koyon aiki a wajena, ita wa zai ja mata?"

"To in ɗauki riƙonsa da sunana, kai ka ci gaba da aikin ta bayan fage."

"Ki faɗi kalmar?"

Na rufe kwamfutar. Muna da al'ada tun wani rikici da aka yi a da can: ba ka ɗaukar riƙon maraya sai ka tsaya a gaban jama'a ka ce, "Na nemi mai shi, ban same shi ba." Ba a canza ko harafi ɗaya. Na dubi mutumin da ke zaune a gabana da sukari a gemunsa, na san bakina ba zai iya ba.

Da yamma na kira Corbin. Ina jin kukan tagwayensa ta cikin wayar, shi kuma muryarsa kamar wanda aka wanke aka shanya.

Ya ce, "Doreen, don Allah kada ki fara. Na sani. Na san gyaran ma: kowa ya amsa ta imel da hatimin makullinsa, wato sa hannun sirri da ba mai iya kwaikwaya. Amma aikin makonni ne, ga zubi ya matso. Na ce masa zan danna masa ta ɓangarena, ya ƙi. Me kike so in yi?"

"Ka jinkirta zubin."

"Saboda mutum ɗaya?"

"Saboda inji ya ce ɗan'uwanka ba mutum ba ne, kai kuma ka ce a bari sai an huta."

"Ba haka na ce ba! Ke kin san makarantu nawa ke jiran zubin nan? Ƙunshinsa ba abin da ya dogara a kansa. Ko an cire shi, bayan wata biyu ya dawo."

"Su makafin da za su sabunta na'urarsu ta yi musu gum fa, wata biyun su yi me? Su saurari firji?"

Ya ce zai sa gargaɗi a shafin farko. Na ce ya sa shi da manyan haruffa don su gani da kyau, na kashe wayata.

Gus bisa tsarin haruffa yake bin mutane. Friesen na can gaba, ni Sawchuk ina can baya, don haka sai da aka kwana biyu tawa tambayar ta iso. Na buɗe shafin. Hoton wata gada ce a kan kogi, an yanke guntu ɗaya an ajiye a gefe. Ɗan jikana ma zai iya da yatsa ɗaya. Na zauna ina kallonta har shayina ya huce, sannan na rufe kwamfutar na fita kwashe dusar ƙanƙara daga ƙofar gida.

Ba zan yi ƙarya ba, tsoro na ji. Ƙunshin nan na raine shi tun 'ya'yana suna firamare. Na san duk inda yake ciwo, na san wanda ya rubuta kowane layi mara kan gado a cikinsa, galibi ma ni ce. In ya zama maraya, kowa na da ikon ɗauka, kuma in an ɗauka ya tafi ke nan. Amma duk lokacin da hannuna ya nufi kwamfutar, sai in tuna injin da muka gina da hannunmu yana gaya wa Wendell abin da ya gaya masa, zuciyata ta sake tafasa.

Gus ya turo tuni, na share. Ya turo gargaɗi, na share. Da wa'adi ya cika, ya sanar cewa Doreen Sawchuk ma ba a same ta ba.

Abin da ya biyo baya ko ni ban zaci zai kai haka ba. Dokar Corbin ta ce in za a jefar da maraya, duk abin da ke zaune a kansa ya bi shi. Gus kuwa ba ya da kara, ba ya da kunya. Da safe allon nan namu da aka saba gani kore shar ya koma ruwan ɗorawa daga sama har ƙasa, launin masu jiran kora. Mai buɗe intanet, mai buga takarda, mai kunna waƙa, kowa ya shiga layi. Can wajen tsakiya kuma ga sunan Gus da kansa, domin shi ma da ƙunshina yake kwance kayan aikinsa. Ya aika wa Corbin sanarwa cikin ladabi cewa zai cire Gus daga sabon zubi.

Wendell ya kira ni yana dariya har da tari. Da ya gama sai ya ce, "Ban sa ki ba fa."

Na ce, "Wa ya ce don kai na yi? Idona ne ke ciwo, ba na ganin gada."

"Za su ƙwace miki shi, Doreen."

"Su zo su ɗauka."

Zauren tattaunawarmu na intanet ya kama da wuta. Wasu suka ce na yi garkuwa da aikin jama'a, wani daga Halifax ya ce tsufa ne ya fara taɓa ni, wata da na koya wa aiki da hannuna ta rubuta cewa na ba ta kunya. Wannan ta ƙarshen ta yi min ciwo, har yau ma tana yi. Amma akwai waɗanda tambayarsu ta iso bayan tawa, su Thiessen da Wasylyk da wani Yamamoto na Vancouver da ban taɓa gani ba, suka bar gadarsu a yanke su ma. Ba wanda na roƙa.

Marguerite Desrosiers, wadda ke shugabantar majalisarmu a shekarar, ta kira taro ranar Asabar da rana a ɗakin ƙasa na cocin 'yan Yukren inda muke haɗuwa. Matan cocin sun yi perogi kamar kullum, kwaɓin fulawa mai dankali a ciki, da soyayyar albasa da kirim mai tsami. Na nesa suka shigo ta bidiyo, fuskokinsu jere a jikin bango. Na cika farantina, na ja kujerata na kafa ta daidai gaban teburin da mai magana ke tsayawa, kusa har ina iya karanta tambarin rigarsa. Wendell ya zauna a gefena, karen ya shige ƙarƙashin kujera.

Corbin ya miƙe. Idanunsa sun yi zuru-zuru, ga tabon madara a kafaɗarsa. Ya yi bayani tiryan-tiryan, kuma gaskiya ya faɗa: ɗan damfarar bara, makarantun da ke jira, shi kaɗai ke ɗauke da Gus ba mai taya shi. Sannan ya ce tunda ƙunshin matse fayil maraya ne bisa doka, shi zai ɗauki riƙonsa don a fitar da zubi a kan lokaci.

Marguerite ta ce, "To bismillah ba tamu ba ce a nan, amma ka san kalmar. Faɗe ta."

Ya gyara murya. Ya dubi bango, ya dubi silin, ya dubi ko'ina ban da ni. "Ni Corbin Lavallee, ina neman riƙon wannan ƙunshi. Na nemi mai shi..."

Na ce, "Ɗan miƙo min kirim ɗin nan na kusa da kai, yaro."

Wani ya fashe da dariya a baya. Corbin ya miƙo min kwanon, don uwarsa ta ba shi tarbiyya. Na gode masa, na zuba, na ci gaba da kallonsa ina tauna.

"Na nemi mai shi," ya sake farawa. Wuyansa ya yi ja har kunne. "Na nemi... Haba Doreen! Wannan ai zalunci ne!"

"Ƙarasa mana. Kalma huɗu ta rage. Ka ce ba ka same ni ba."

"Ke kin san ba zan iya ba!"

"Injinka ya iya. Ko gezau bai yi ba."

Ya buga tebur da tafin hannu har cokula suka yi tsalle. "Inji ne! Abin da na rubuta masa yake yi! Na yi kuskure, na ji, na ce zan gyara. Ba na barci, matata ta kusa ta kore ni zuwa gareji, duk don kada wani ɗan iska ya sake shigo mana, ku kuma kun mai da ni azzalumin makafi. Wendell, kai ka faɗa musu, sau nawa na ce zan danna maka?"

Wendell ya goge bakinsa da takarda, bai miƙe ba. Ya ce, "Da yawa, kuma na gode. Kai ba azzalumi ba ne, Corbin, gajiyayye ne kawai. Amma ka ji. Duk inda na je a garin nan akwai mai kirkin da zai danna min. A banki akwai, a asibiti akwai, a tashar bas akwai. Mutanen kirki sun yi min yawa. Wuri ɗaya tak nake da shi a duniya inda ba na jiran kirkin kowa, in shiga da ƙafata in yi aikina in fita. Nan ne. Shi kake cewa in ba ka aro na wata biyu."

Mutumin Halifax ya buɗe makirfonsa daga bango ya ce duk da haka dai masu amfani da Muskeg dubbai ne, ba a tsayar da jirgi saboda fasinja ɗaya.

Na ce, "Ba fasinja ba ne, malam. Yana cikin waɗanda suka ƙera jirgin tun kana koyon ɗaura igiyar takalmi. In kana so ka tafi ba shi, ga ƙunshina nan, ga nasa nan. Zo ka faɗi kalmar. Daga Halifax ma za ka iya, tunda daga can ba ka ganinmu sosai."

Bai faɗa ba. Marguerite ta bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya, na ɗaki da na bango, tana tambaya ko akwai mai neman riƙo. Ina zaune cokali a hannu, na san mutum ɗaya mara kunya ya isa ya raba ni da abina. Ba wanda ya motsa.

Ta ce, "To, marayu biyu, iyaye biyu, ba mai riƙo. Saura magana ɗaya: a jinkirta zubi har Gus ya koyi tambaya yadda kowa zai iya amsawa. Masu goyon baya su ɗaga hannu."

Wendell ya ɗaga nasa ya ce, "Wani ya ƙirga min, amma ban da Gus."

Da ƙyar muka yi rinjaye. Corbin bai ɗaga hannu ba, bai kuma yi musu ba. Ya naɗe kwamfutarsa, ya tsaya kan Wendell ya ce, "In na rubuta, kai za ka gwada min shi. Ba zan sake yin abu a makance ba." Sai ya ji abin da ya faɗa, ya dafe goshi.

Wendell ya ce, "Yi a makance mana, ɗana. Ai da ka yi haka tun farko da ba mu zo nan ba."

Ba kyauta muka samu ba. Makarantu biyu suka gaji da jira suka koma wani Linux ɗin. Mutumin Halifax ya tattara ƙunshe-ƙunshensa ya bar mu. Corbin kuwa har yanzu in mun haɗu kai kawai yake gyaɗa min, kuma ban ga laifinsa ba, na tozarta shi a gaban mutane alhali shi ya fi kowa wahala. In aka sake, haka zan sake yi.

Dusar ƙanƙara ta fara narkewa, tituna sun zama kunu, sannan sabon Gus ya tashi. Muka sake haɗuwa a ɗakin cocin don a gwada a gaban kowa. Wendell ya buɗe kwamfutarsa, ya zare abin kunnensa don mu ji. Muryar da ke masa karatu gudu take kamar an kunna injin ɗinki, ba mai gane ko kalma sai shi. Ranar ya rage mata gudu saboda mu. Ta karanta saƙon Gus: Wendell Friesen, kana nan?

Ya buga amsa, muryar na bin yatsunsa harafi-harafi. Ya sa hatimin makullinsa, ya aika. Ba a jima ba sunansa ya fita daga cikin ɓatattu, kalmar maraya ta goge daga jikin ƙunshinsa. Aka yi tafi, Marguerite har da share ido. Shi ko a jikinsa. Ya ce ai gyare-gyare sun taru masa tun hunturu, ya tattara su gaba ɗaya ya miƙa wa Gus a take.

Muka zuba wa allon da aka haska a bango ido muna jiran kore. Gus ya ɗauka, ya yi ta gini, ya yi ta gini. Sai sunan Wendell ya yi ja wur.

Tafin ya mutu a hannun mutane. Na ce a raina shi ke nan, injin nan ya sake. Corbin ya riga kowa duƙawa kan kwamfutarsa, yana bin bayanin rushewar da yatsa.

Ya ce, "A'a, ba Gus ba ne. Wendell, kuskuren naka ne, ka buɗe alamar baka a wani layi ka manta ba ka rufe ta ba. Ga shi ina gani, ƙaramin abu ne, bari in..."

"Cire hannunka."

"Daƙiƙa ɗaya ce fa, kawai in..."

"Na ce cire hannunka, Corbin." Yana maganar yana murmushi har kunne, irin wanda ban taɓa gani a fuskarsa ba tun da na san shi. "Ja ne? Sosai? Kowa na gani?"

Na ce, "Ja wur, tsoho. Har na Vancouver na gani. Ka ji kunya."

"Madalla." Ya mayar da abin kunnensa, ya ƙara wa muryar gudu, ya gyara zama. "Ni na rushe shi. Kowa ya koma kan abincinsa, ku bar min abina."